Wai da gaske tabilet ce ta kashe mini laftop?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce Yayata ta kira ni tun ban karya ba, wai 'yarta ta samu gurbi a jami'a kuma tun wajen rijista aka ce musu kowa ya nemi kwamfuta, to ita kuma kuɗin da ke hannunta ba su taka kara sun karya ba, shi ne take tambaya ko tabilet za a saya mata tunda ta ga yaran maƙota duk ita suke riƙewa, ko kuwa irin 'yar ƙaramar nan da nake yawo da ita a jaka lokacin ina makaranta. Na ce Yaya ki bari in zo in ɗauki yarinyar mu shiga kasuwa, abin da ido ya gani ya fi labari.

Muka shiga Beirut Road da ke Kano wajen ƙarfe sha ɗaya. Shago huɗu muka leƙa ina tambayar mini, babu. A na huɗun ne yaron shagon ya dube ni ya ce, yallaɓai ai an daina yayin mini, tab ta kashe ta tuntuni, sai dai in gwanjo kake so in aika a dubo maka a bayan layi, amma fa ba zan ba ka garanti ba. Ya jawo tabilet guda uku ya jera mana a kan gilashi, yarinya har ta fara shafa ɗaya tana murmushi.

Maganar yaron nan ta tsaya min a rai har na dawo gida, domin ni mini ce kwamfutata ta farko, kuma na san abin da ta yi min. Tun shekaru nake jin ana cewa tabilet ta kore ta daga kasuwa, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai ni a ganina ba a faɗin labarin ya cika, musamman idan aka zo ga irinmu da abu ɗaya tal muke iya saya.

Abin da mu muke cewa mini, a can ƙasashen da ake ƙera ta netbuk suke ce mata. Kamfanin Asus na Taiwan ne ya buɗe wannan kasuwa a ƙarshen 2007 da wata 'yar mitsitsiya mai suna Eee PC, sikirin ɗinta inci 7, nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, wurin ajiyarta gig 4 kacal, kuma ba Windows ke kanta ba, Linux ce. Kuɗinta dala 399. Kafin ita an riga an daɗe ana maganar kwamfutar dala 100 ta yaran makaranta, wadda Nicholas Negroponte ya jagoranta a shirin OLPC na bai wa kowane yaro laftop, 'yar koriya da fari ɗin nan, har ma an gwada ta a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007, Intel ma ta kawo tata mai suna Classmate aka gwada a wata ƙaramar sakandare a Jabi. Ta dala 100 ɗin ba ta taɓa sauka dala 100 ba, ta tsaya wajen 188, amma dai ta nuna wa manyan kamfanoni cewa akwai miliyoyin mutane da ke jiran kwamfuta mai araha.

A 2008 sai Intel ta fito da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai suna Atom, ba ta da ƙarfi sosai amma ba ta shan wuta, daga nan abu ya bazu kamar wutar daji. Acer ta kawo Aspire One, HP ta kawo Mini (ina ganin daga nan ma sunan ya bi bakin 'yan kasuwarmu), Dell, Samsung, MSI, Lenovo, Toshiba, kowa da tasa. Kuma in ka buɗe su kusan duk abu ɗaya ne a ciki: sikirin inci 10, Atom, ram (ma'ajiyar wucin-gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gig 1, wurin ajiya gig 160, Windows XP. Shekarar kuma ta zo daidai da karyewar tattalin arziƙin duniya, aljihu ya yi sanyi a Amurka da Turai, mutane suka raja'a a kan mai sauƙin kuɗi. Zuwa 2010 ana sayar da fiye da miliyan 30 a shekara.

A wannan shekarar na sayi tawa, ta hannu ce, baƙa, murfinta duk ya goge a gefe. Wallahi har yau ina tuna daren da na kawo ta ɗaki. Modem nake soka mata, irin mai kama da filashi da ake sa wa sim, sai na haɗa shi da doguwar waya na rataye a jikin taga saboda nan ne kaɗai sabis ke kamawa. Da ita na buga furojet ɗina tun daga babi na ɗaya har na biyar, da ita abokan ɗakina biyu suka buga nasu, muna karɓa-karɓa, wanda ya yi barci da wuri shi zai tashi ƙarfe uku ya karɓa. In an ɗauke wuta ta kan ba mu awa uku ko fiye, lokacin da manyan laftop na mutane awa ɗaya da rabi sun mutu. Ba zan ce ba ta da matsala ba. Yatsuna sukan haɗa haruffa biyu a bugu ɗaya saboda ƙanƙantar kibod, sannan sikirin ɗin gajere ne daga sama zuwa ƙasa, wani lokaci ka buɗe wani akwati na saiti sai maɓallin OK ya faɗa ƙasan sikirin ba ka ganinsa, sai ka danna Enter kana fatan daidai ka yi. In ka buɗe shafin intanet biyar ta fara nishi. Amma da hanau gara mannau, kafin ita bizines santa nake zuwa in biya kuɗin taifin shafi-shafi, a yi min kuskure in sake biya a gyara.

To ana cikin haka ne, ranar 27 ga Janairun 2010, Steve Jobs ya hau dandamali ya nuna iPad. A jawabin nasa ma sai da ya taɓo netbuk kai tsaye, ya ce matsalarta babu wani abu guda da ta fi wani iyawa, tana da nawa, sikirin ɗinta ba shi da kyau, laftop ce kawai mai araha. iPad ta shiga kasuwa a Afrilu a kan dala 499, sikirin inci 9.7, batir na awa 10, ka taɓa ta farka nan take babu jiran ta buɗe. Cikin kwana 28 an sayar da miliyan ɗaya, kafin shekara ta ƙare an kusa miliyan 15. Samsung ta biyo da Galaxy Tab a ƙarshen shekarar, Amazon ta kawo Kindle Fire a 2011 a kan dala 199, Google ta kawo Nexus 7 a 2012 ita ma dala 199, kuma abin da zai ba ka mamaki Asus ce ta ƙera mata, wato wadda ta haifi netbuk da kanta. Tun a 2011 cinikin tabilet ya wuce na netbuk, a ƙarshen 2012 kuma Asus da Acer, waɗanda su ne suka rage a fagen, suka tsayar da ƙera ta. Shekara biyar ke nan tsakanin haihuwa da jana'iza.

In ka tsaya a nan sai ka ce yaron shago ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masu bangon ne suka tsaga shi da hannunsu. Ribar netbuk 'yar kaɗan ce, kuma duk wanda ya saye ta wataƙila da babbar laftop zai saya mai riba, don haka manyan kamfanonin ba su taɓa son ta girma ba. Microsoft ta kafa sharaɗi, in kana son lasin Windows mai rahusa to kada ram ya wuce gig 1, kada sikirin ya wuce inci 10 da ɗoriya, sannan Windows 7 Starter da aka fito da ita a 2009 saboda irin waɗannan kwamfutoci ko hoton bangon sikirin ba ta barinka ka canza. Shi ya sa netbuk ta 2011 kusan ita ce ta 2008, shekara uku ba ta motsa ba, alhali shafukan intanet kullum ƙara nauyi suke, bidiyo na ƙara girma. Sannan farashin laftop ta sosai ya yi ta sauka har ya kusa taɓo nata, daga sama kuma ga MacBook Air mai inci 11 a 2010, ga sirara masu ƙarfi da Intel ta sa wa suna Ultrabook a 2011. An matse ta ta ko'ina.

Akwai kuma abin da na fi ganin shi ne jigon maganar. Baturen da ya sayi netbuk a 2009 yana da babbar kwamfuta a gida, yana da wata a ofis, ita wannan ta kan kujera ce, ta duba imel da karanta labarai da kallon bidiyo kafin barci. Wannan aikin kuwa tabilet ta fi ta iyawa nesa ba kusa ba, don haka da ta fito sai ya jefa mini a durowa, bai rasa komai ba, in rubutu ya taso ya koma kan babbar. Mu kuwa mini ita ce babbar, ita ce ƙaramar. A kanta ake furojet, a kanta ake CV, a kanta malamin firamare ke haɗa sakamakon ɗalibai a Excel, a kanta ake zuba wa mutane karatu da waƙoƙi a memori. An daina ƙera ta ne saboda waɗanda ke da zaɓi sun juya mata baya, babu wanda ya tambayi waɗanda ba su da zaɓin. Wannan abin yana min ciwo har yanzu, domin da an bar ta ta girma, a ƙara mata ram, a gyara sikirin, da ɗalibai da yawa a nan sun samu sabuwar kwamfuta a kwali maimakon wadda wani ya gama mora.

Ita ma tabilet ɗin ba ta daɗe tana cin karenta babu babbaka ba. Kasuwarta ta kai ƙololuwa a 2014, wajen miliyan 230 a shekara, daga nan ta yi ta sauka shekara bayan shekara, sai lokacin korona da aka rufe makarantu ta ɗan farfaɗo. Wayar hannu ce ta cinye ta. Lokacin da Samsung ta fito da Galaxy Note a 2011 mai inci 5.3 mutane dariya suke wai wa zai kara faranti a kunne, yau kuwa duba wayar da ke aljihunka, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Redmi, da wuya ka ga wadda ba ta haura inci 6 ba. To mai wannan wayar me zai yi da tabilet mai inci 7? Sannan tabilet ba ta tsufa da wuri a hannun mai ita, wanda ya saya sai ya shekara biyar bai sake ba.

Kuma ku lura da inda masu ƙera tabilet suka dosa daga baya. Asus ta yi Transformer a 2011, tabilet da ake maƙala wa kibod. Microsoft ta yi Surface a 2012, murfinta ma kibod ne. Ita kanta Apple a 2015 ta fito da iPad Pro da kibod nata, a 2020 ta ƙara har da wurin shafa yatsa irin na laftop. Ka ɗauki tabilet mai inci 11 ka maƙala mata kibod ka ajiye a tebur, ka ja baya taku uku ka dube ta, ai mini ce, sai dai kuɗin ya ninka. A ɗaya gefen kuma ga Chromebook da ta fara fita a 2011, ƙarama, mai araha, mai daɗewar caji, wadda ta cika makarantun Amurka. Sunan ne ya mutu, buƙatar 'yar ƙaramar na'ura mai kibod tana nan daram.

Ba wai ina kushe tabilet ba ne fa. Akwai inda babu kamarta. Limamin masallacin unguwarmu da ita yake huɗuba yanzu, ya ƙara girman rubutu yadda idonsa ke so, kuma duk littattafan da da sai an ɗauko masa a buhu suna ciki. Masu zagayen ƙauyuka suna tattara bayanan rigakafi ko na manoma da ita suke aiki, a tsaye, cikin rana, inda ba ka da tebur balle soket. Ɗalibin likitanci da ke karanta PDF mai shafi dubu, tela ko mai zanen gini da ke nuna wa kwastoma samfuri, yaro ɗan shekara biyar da ke koyon baƙaƙe, duk tabilet ta fi musu. Jihar Osun ma a 2013 tabilet ta raba wa ɗaliban sakandare, Opon Imo suka sa mata suna, an zuba littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa a ciki. Cajinta kuma da fawa bank ko ɗan ƙaramin sola ya wadatar, wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda wuta ke zuwa awa uku ta tafi. Har rubutun Hausa ma, in gaskiya za a faɗa, ya fi sauƙi a kanta, a Gboard, kibod ɗin sikirin na Google, in ka sa Hausa ka danne k kaɗan sai ga ƙ, ka danne d sai ga ɗ, a laftop kuwa sai ka shiga saiti ka ƙara kibod ɗin Hausa ka kuma haddace inda kowane harafi ya ɓuya.

Amma duk waɗannan karatu ne da kallo da cike fom. Ranar da aka ce ka zauna ka rubuta shafi sittin, da jadawali, da lambar shafi da ta fara daga babi na ɗaya ba daga bango ba, ka kai wa sufabaiza ya ja jan biro ka dawo ka gyara, ranar za ka san bambanci. Ranar da malami ya ce kowa ya sa SPSS ko AutoCAD ko wata manhaja da Windows kaɗai take hawa, mai tabilet sai ya koma aro. Ga JAMB tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yi, jami'o'i da yawa ma gwajinsu a kwamfuta ne, ga neman aiki, kuma na sha ganin yara masu saurin yatsa a waya kamar walƙiya amma a zaunar da su gaban kibod da linzami sai hannu ya ɗau rawa. Wannan ba laifin yaran ba ne, ba su taɓa samun inda za su saba ba.

Abin da ya maye gurbin mini a kasuwarmu, in ka duba da idonka a Beirut Road ko Farm Centre ko Computer Village ta Ikeja, ba tabilet ba ce, laftop ɗin gwanjo ce, wadda 'yan kasuwa ke cewa ta Landan ko tokumbo. Kamfanoni da ofisoshin Turai da Amurka suna canza kwamfutocin ma'aikatansu duk bayan shekara uku ko huɗu, sai a kwaso su kwantena-kwantena, HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, masu inci 12 zuwa 14, jikinsu mai ƙwari ne domin don aiki aka yi su, kuma kayan gyaransu na nan birjik, batir, caja, sikirin, kibod, duk mai gyara ya san cikinsu. Tabilet mai araha kuwa in sikirin ya fashe sau da yawa kuɗin gyara ya kusa kuɗin sabuwa, in ma an samu irin nata ke nan. Akwai Chromebook na gwanjo su ma sun cika kasuwa, da arha sosai, sai dai a sani ba Windows ba ce a kansu, kuma kowacce tana da ranar da Google ke daina sabunta ta, don haka duk wanda zai saya ya tambaya tukuna. Haka ita ma ta Windows ɗin, Microsoft ta sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta hawa furosesar Intel da ta gaza zubi na 8, to tsofaffin da ake turawa da araha yanzu da yawansu nan suka maƙale.

Duk wannan ban tsaya yi wa yarinya bayaninsa a shago ba, tambaya ɗaya na yi mata, na ce me za ki karanta? Ta ce Kawu ai na faɗa maka, akanta. Na ce to ajiye tab ɗin nan, Excel za ki ci ki sha shekara huɗu. Fuskarta ta ɗan canza, na gane ranta na kan tabilet ɗin, mai ruwan zinare ce ga ta sirit, na ce mata wayarki ai tana yi miki duk abin da wannan za ta yi, in Allah ya hore daga baya sai a ƙara.

Muka sa yaron ya fito da masu inci 12 da 13 guda uku. Na buɗe Notepad na sa ta danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya tun daga sama har ƙasa, ta farko harafin e sai an danna da ƙarfi, muka ture ta. Ta biyu na cire caja muka bar ta a kunne da bidiyo muna hira minti ashirin, batir ya sauka daga 80 zuwa 41, ita ma muka ture. Ta ukun ce ta tsaya, ram gig 8, wurin ajiya mai sauri irin SSD, zubi na 8, akwai ɗan tabo a murfi amma sikirin fes, na buɗe farin shafi na duba babu ɗigo ko ɗaya, na gwada duk ramukan filashi, na gwada kyamara da sifika, na jijjiga wayar caja a bakinta in ga ko tana yankewa. Kuɗin sun ɗara abin da Yaya ta bayar, na cika, muka sa ya rubuta mana rasit da garantin sati biyu da lambar jikin kwamfutar a kai. Da muka auna ta a hannu nauyinta bai fi na tsohuwar mini ɗina da wani abin kirki ba, ta shige jakar makarantarta daidai.

Jiya da daddare bayan isha'i sai ga kiranta, na ɗauka a tsorace na zaci wani abu ya lalace, ashe tana buga wa babarta jerin sunayen 'yan adashi ne a Excel, ta ce Kawu don Allah ina ƙ take a kibod ɗin nan, na duba ko'ina ban gan ta ba. Na ce shiga saiti, wajen harshe, ki nemo Hausa, ina kan layi.